Sridevi da muka sani rabinta ne kawai

Duk sanda aka tayar da hirar Sridevi, jarumar finafinan Indiya, a cikinmu, finafinai uku ne ake ta juyawa: Nagina, Mr. India da Chandni. In mutum tsohon ɗan kallo ne ya ƙara da Khuda Gawah, wanda ta yi da Amitabh Bachchan. Ba laifinmu ba ne, su ne suka iso mu a silima da kaset ɗin bidiyo. Abin da ke damuna shi ne yadda muka ɗauka a Bombay ta koyi sana'arta. Lokacin da ta yi tashe a finafinan Hindi a 1983, ta riga ta shekara 16 a gaban kyamara, kuma a ganina aikinta mafi nauyi yana can kudancin Indiya, da yaren Tamil da Telugu, inda yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba.

A jihar Tamil Nadu aka haife ta a 1963. Mahaifinta lauya ne Batamile, mahaifiyarta mai jin Telugu ce, don haka da yarukan biyu ta tashi. Tana shekara huɗu aka fara sa ta a fim. A 1976, tana da shekara 13, darakta K. Balachander ya ba ta babban matsayi a Moondru Mudichu tare da Kamal Haasan da Rajinikanth, inda ta fito a budurwar da saurayinta ya nutse a ruwa abokinsa yana kallo ya ƙi ceto shi, ita kuma daga baya ta auri mahaifin wannan abokin ta zama matar ubansa. Yarinya 'yar shekara 13 fa, jama'a. Wannan bai burge ni game da masana'antar ba. A 1972 ta fito a jikar jarumi N. T. Rama Rao a fim ɗin Telugu mai suna Badi Panthulu, shekara bakwai bayan nan, a Vetagadu, ta koma budurwarsa, alhali ya girme ta da shekara 40. Yarinyar da ba ta samu zaman aji kamar sa'o'inta ba, daga wannan situdiyo sai wancan. Duk mai yabon gwanintarta ya kamata ya tuna da ƙuruciyarta aka saye ta.

Amma gwanintar kam ba ta da musu. Wanda ke son ganin abin da nake nufi ya nemi Moondram Pirai na 1982, wanda Balu Mahendra ya sake yi da Hindi a 1983 da sunan Sadma. Ta fito a budurwar da haɗarin mota ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, hankalinta ya koma na ƙaramar yarinya, wani malamin makaranta, wato Kamal Haasan, ya tsince ta ya kai ta gidansa a kan tsaunuka yana kula da ita. Ku lura da yadda take turo baki in an yi mata faɗa, da yadda take rungumar ɗan kwikwiyonta, da yadda take kwantar da kunne a kan layin dogo tana sauraren jirgi. Babu kwalliya, babu rawar a zo a gani. Sai kuma ƙarshen fim ɗin a tashar jirgi, bayan ta warke ta manta duk zaman da suka yi. Kamal Haasan ya iso jina-jina cikin taɓo, yana tsalle-tsallen biri irin wanda yake yi mata da can don ta yi dariya, ita kuma tana zaune a tagar jirgi tana kallonsa kallon baƙo, har ta ɗauka mahaukaci ne mai jin yunwa ta jefa masa abinci. Kowa Kamal yake yaba wa a wannan wuri, kuma ya cancanta. Amma wallahi fuskarta da ba ta nuna komai ba sai ɗan tausayin da ake yi wa almajiri, ita ce take karya zuciya.

To me Bombay ta yi da wannan baiwa da farko? Fim ɗinta na Hindi Solva Sawan na 1979 bai karɓu ba, duk da cewa asalinsa na Tamil, 16 Vayathinile, da na Telugu duka sun yi kasuwa kuma ita ce jarumar dukansu. Sadma ma bai kawo kuɗi ba. Wanda ya buɗe mata ƙofa shi ne Himmatwala, fim ɗinta da Jeetendra, wanda take rawa a tsakiyar tarin tukwane. Shi ma daga fim ɗin Telugu aka kwafo shi, daraktansa K. Raghavendra Rao mutumin Telugu ne. Daga nan aka yi ta jera mata irinsa, rawa da waƙa da kaya masu ƙyalli. Ba ta iya Hindi ba a lokacin, wata tsohuwar 'yar wasa mai suna Naaz ce ke ɗora mata murya, a Aakhree Raasta kuma Rekha ce ta yi. Sai a Chandni na 1989 masu kallon Hindi suka ji muryarta ta gaskiya. Ke nan a Nagina, inda ta fito a macijiya, idanunta suke rikiɗa tana birgima a ƙasa Amrish Puri yana busa mata, da ido da jiki kaɗai ta kama mu. Wannan kuwa horon kudu ne.

Ko a ganiyarta a Hindi ba ta yar da gida ba. A 1990 ta yi Jagadeka Veerudu Athiloka Sundari da Chiranjeevi, a 1991 ta yi Kshana Kshanam da Venkatesh, duka da Telugu. Bayan Judaai na 1997 ta ajiye fim tsawon shekara 15 tana renon 'ya'yanta mata biyu, ta dawo da English Vinglish a 2012. Ta rasu a Dubai ranar 24 ga Fabrairu 2018 tana da shekara 54. Lambar yabo ta ƙasa ta gwarzuwar jaruma, wadda ya kamata a ce ta samu tun zamanin Moondram Pirai, sai bayan rasuwarta aka ba ta saboda fim ɗin Mom. Wannan jinkiri har yau yana min ciwo.

Ba ita kaɗai ba ce. Vyjayanthimala, Waheeda Rehman, Hema Malini, Rekha, Jaya Prada, duk 'yan kudu ne da muka sani ta hanyar Hindi.

Yanzu kuwa abin ya juya. Finafinan Indiya-Hausa da ake tura wa matasa a waya a shagunan dawunlodin, kaso mai yawa na Telugu ne da Tamil, amma kusan duk na faɗa ne, jarumi ɗaya ya watsa mutum hamsin. Shi ya sa nake roƙon masu fassara na Kano da su waiwayi tsofaffin finafinan kudu. Ku fassara mana 16 Vayathinile da Moondram Pirai da Kshana Kshanam. Ku samo mace mai murya da ta iya kuka da shagwaɓa ta ɗora, kada a cika su da barkwanci a inda ba wurinsa ba. Na tabbata iyayenmu mata da suka haddace Nagina za su zauna su kalla har ƙarshe.