Birane biyar cikin kwana takwas ba hutu ba ne

Tallan nan da ake ta yaɗawa tun shekaranjiya, na "Amurka gaba ɗaya cikin kwana takwas", tallan tafiyar hutu ne zuwa birane biyar: Niyok, Mayami, Las Vegas, Los Anjelis, Washinton. Mutane sai rububin tambayar farashi suke, har da masu shirin tafiya da ƙananan yara. Wallahi abin ya ɓata min rai. Wanda ya tsara wannan, ko dai bai taɓa buɗe taswira ba, ko kuwa ya buɗe kuma ya san wahalar da yake sayar wa jama'a.

Daga Niyok zuwa Los Anjelis kusan kilomita 4,000 ne, ya fi nisan Kano zuwa Jidda. Awa shida a sama, ga bambancin agogo na awa uku. Kowane tashi sai ka isa filin jirgi awa biyu kafin lokaci, ka bi layin bincike, ka biya kuɗin akwati daban, wanda a 2025 ya kasance dala 35 zuwa 40 kowace ɗaya a yawancin kamfanoni. Otal ba ya ba ka ɗaki sai ƙarfe uku ko huɗu na yamma, kuma sha ɗaya na safe ya ce ka fita. Tashi huɗu, kwana huɗu sun tafi ke nan. Me ya rage?

Maganata ɗaya ce: baƙo ya zaɓi birnin da zai iya yawo a cikinsa ba tare da mota ba, ya zauna a nan. In ya matsu, ya ƙara na biyu wanda jirgin ƙasa ke kaiwa.

Da wannan ma'auni Niyok ce kan gaba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana aiki dare da rana, kusan dala 3 kowace shiga, ka ɗora katin bankinka ko wayarka a ƙofa ka wuce. Jirgin ruwan Staten Island kyauta ne, minti 25, yana ratsawa ta gaban gunkin 'Yanci. Central Park kyauta, taka gadar Brooklyn kyauta. Abinci halal kuwa yana bakin titi, kuma a titi na 116 a Harlem ko a Bronx za ka ci tuwo da miya na mutanen Afirka ta Yamma. Masauki ne matsalarta. Ɗaki ƙarami, tsada, ga haraji kusan kashi 15 cikin ɗari a kan farashin da ka gani. Tun Satumbar 2023 kuma doka ta taƙaita hayar gida na ƙasa da kwana 30, don haka mai iyali da ke lissafin kama gida ta Airbnb, manhajar hayar gidaje, ya sake lissafi.

Washinton ita ce ta masu yara, kuma ita ake rainawa. Awa uku da rabi a jirgin ƙasa na Amtrak daga tsakiyar Niyok, babu layin bincike. Gidajen tarihin Smithsonian duk kyauta, har da gidan namun daji. Sai dai na jiragen sama da kumbuna, da na tarihin baƙaƙen fata, suna buƙatar tikitin lokaci da ake cirewa kyauta a intanet, kuma a lokacin hutun makaranta tikitin yana ƙarewa da wuri. Cire shi kafin ka baro gida. Kwana biyar Niyok, kwana uku Washinton, ga hutu na gaske.

Shikago ma ta wuce gwajin. Jirgin ƙasa na layin shuɗi yana ɗauko ka daga filin O'Hare zuwa tsakiyar gari cikin kusan minti 45, ga bakin tafkin Michigan, ga gidajen abinci halal a titin Devon. Amma daga Yuni zuwa Satumba. Kada ka kai yaro can a sanyin Janairu.

Los Anjelis fa? Garin mota ne. Disneyland, filin wasanni na yara, tana Anaheim, fiye da kilomita 40 daga tsakiyar gari. Hollywood daban, bakin teku na Santa Monica daban, tsakaninsu cunkoso. Hayar mota tana son katin bashi da za a riƙe ajiya a kai, wanda bai kai shekara 25 ba a ƙara masa kuɗi, otal kuma ya caji ajiye motar kowane dare. Mayami: mutane na zaton Disney World tana can, alhali tana Orlando, kusan kilomita 380, kuma daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne. Las Vegas a Yuli zafinta na haura digiri 40, otal-otal suna ƙara wani kuɗi na dole kowane dare a kan na ɗaki, gari ne na caca. Me mai iyali zai yi a can?

Na san abin da za ku ce: ai biza ba kullum ake samu ba, gara a ga ko'ina. Ganin filin jirgi biyar ba ganin ko'ina ba ne. Wasu su ce ai hoto ake so. To hoton alamar Hollywood bai kai kukan yaro da ya kwana a kujerar jira ba. Kuɗin nan da gumi aka tara su, don Allah a ci moriyarsu.

Af, tunda ana maganar. Masu ɗaukar kilishi da dambun nama a matsayin guzuri, ku bari. Jami'an kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga, kuma karnukansu na shinshino shi a wurin karɓar kaya. In ka faɗa da bakinka, ƙwacewa kawai za su yi. In ka ɓoye aka gano, tara ce ta ɗaruruwan daloli. Haka ma tsabar kuɗi sama da dala 10,000, na iyali gaba ɗaya ake haɗawa, sai an bayyana su.