Wa ya ce 'ya mace ba ta da kan injiniyanci?

Jama'a, akwai jarrabawar PISA da ƙungiyar OECD (ta haɗin gwiwar tattalin arziki, wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki) ke yi wa ɗalibai 'yan shekara 15, kuma a cikinta akan tambayi yaro aikin da yake sa ran yi idan ya kai shekara 30. A zagayen 2018 ƙasashe da yankuna 79 ne suka shiga. Kusan ko'ina samari sun karkata ga inji, gini da kwamfuta, 'yan mata kuma ga likitanci, jinya da koyarwa. A ƙasashen OECD, kashi 8 cikin 100 na samari ne suka ambaci aikin kwamfuta, 'yan mata kuwa kashi 1 kacal.

Daga jin haka sai wasu su ce ai shi ke nan, halitta ce. Su ƙara kafa hujja da binciken wasu masana biyu, Stoet da Geary, na 2018, wanda ya nuna cewa a Finland da Norway, inda ake tinƙaho da daidaiton maza da mata, rabon mata a karatun kimiyya da injiniyanci bai kai na Aljeriya da Tunisiya ba. An dai soki yadda suka yi lissafin, har mujallar da ta buga binciken ta fitar da gyara, amma mu bar wannan.

Ni a ganina hujjar kansu take komawa. In halitta ce kaɗai, me ya sa 'yar Tunisiya ta bambanta da 'yar Norway? Kuma ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, don 'yan matan Finland sun zarce samarinsu a kimiyya a PISA ɗin kanta. Inda gwamnati ta ɗauke wa mutum nauyin asibiti da makaranta, yarinya na iya bin abin da ranta ke so. Inda digirin injiniya ne hanyar albashi mai tsoka da cin gashin kai, za ta rungume shi ko da wuya.

Najeriya ba ta cikin wannan jarrabawa, amma ku shiga ajin 'yan mata a Kano ko Zariya ku yi tambayar. Likita, nas, ungozoma. Ba laifi ba ne, muna matuƙar buƙatarsu a ɗakin haihuwa. Sai dai su ne ma'aikata mata da yarinya ta tashi tana gani, su ne kuma iyaye da miji ke saurin amincewa da su. Wadda ta fi kowa lissafi a ajin, da wuya a samu wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata akwai injiniyan lantarki mace.