Ranar da Aka Miƙa Min Usur a Nima

Duk mai zama majalisar shayin ataya ta layinmu a unguwar Nima ta Accra ya san babu alƙalin wasan da ya taɓa tsira daga bakina. Na Firimiya, na Laliga, har na gida ranar da Hearts da Kotoko suka haɗu, kowa da rabonsa. Abin da ke ƙona min rai guda ne: ƙeta iri ɗaya, yau jan kati, gobe ko usur ba a busawa. Alhali doka ta 12 a fili take. Wanda ya yi sakaci, bugun tazara kawai. Wanda ya yi ganganci, katin gargaɗi. Wanda ya shiga da ƙarfin da zai iya nakasa ɗan mutane, waje. Ko ɗan firamare zai haddace wannan.

Washegarin Babbar Sallah samarin layin sama da na layin ƙasa suka haɗa gala a filin makarantar unguwa, kyautar kiret biyu na lemo da cinyar sa. Rafalin da suka ɗauko daga unguwar Madina ya bugo waya, wai turoturonsu, motar haya, ta mutu a hanya. Sai na ga idanu sun juyo kaina.

"Kawu, ai ga ka. Kai da ka fi Howard Webb sanin doka."

Na ce a kawo usur. Aka aro na mai gadin makarantar, igiyarsa na warin taba. Kati kuwa babu. Na laluba aljihu na ci karo da katin MTN na sidi goma, ruwan ɗorawa shar, na kankare shi da safe ban kai ga lodawa ba. Mai shagon bakin fili ya tono wani tsohon katin Vodafone ja, tun kafin su koma Telecel. Da yara suka fara dariya na tuna musu cewa shi kansa Ken Aston, Baturen Ingilan da ya ƙirƙiro katin, a fitilar ba da hannu ta titin Landan ya samo dabarar, aka fara aiki da ita a gasar duniya ta 1970 a Meziko. Launi ake dubawa, ba takarda ba.

Minti goman farko lafiya lau, har na fara jin an yi asarata da ban shiga harkar tun ina yaro ba. Can sai mai tsaron bayan layin sama ya taho a guje ya zube da ƙafa biyu kan ƙwaurin wani yaron tela, kamar an jefo buhun siminti daga kan tifa. Yaron ya yi birgima, takalminsa ɗaya ya faɗa kwata. Wannan ko a mafarki ja ne. Hannuna har ya kai aljihun baya, sai ƙurar ta lafa na ga fuskar mai laifin: ɗan autan Alhaji mai gidan da nake haya.

Kuɗin shekara biyun da na biya gaba ƙarshen watan nan suke ƙarewa, kuma wanda ya taɓa neman ɗaki a Accra ba sai an yi masa bayani ba. Alhaji na zaune a kujerar roba a gindin maina. Bai ce uffan ba. Carbin da yake ja ne kawai ya tsaya cak a tsakanin yatsunsa. Na sake nazarin lamarin da idon basira, na gano yaron ƙwallo ya nufa, ƙwaurin ne ya shigo masa hanya. Na ba da bugun tazara, na ja masa kunne da baki. Carbi ya ci gaba da tafiya.

Layin ƙasa suka yo kaina. Na ce su tuna Oktoban 2020, lokacin da Pickford golan Everton ya haɗe gwiwar Van Dijk da ƙafafunsa, mutumin bai ƙara taka leda ba a kakar, kuma ga rafali ga VAR, mai duba bidiyo ya taya rafali, ko katin gargaɗi ba a ɗaga ba. Ni da ko rigar alƙalanci ba ni da ita, me suke so in yi?

Kafin hutun rabin lokaci ƙanin matata, wanda ke buga wa layin ƙasa tsakiya, ya tashi sama ya dasa wa wani tafin takalmi a ƙirji. Sawun ƙusoshin ya fito ras a rigar, ana iya ƙirga su. Amma wannan ma akwai fatawarsa. A wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2010 De Jong na Holan ya yi wa Xabi Alonso irinta sak, Webb, alƙalin wasan, ya ba shi katin gargaɗi, duniya na kallo. Ga shi kuma yayar yaron ce ke riƙe da tukunyar gidana. Na zaro MTN na ɗaga. Abin mamaki, ko gardama bai yi ba. Ya matso a ladabce, hannu a baya, ya ƙura wa katin ido yana motsa leɓe.

"Yaya, ɗan sauko da shi, rana na kashe min ido."

Na sauko da shi. A raina na ce istigfari yake yi.

Bayan an dawo, ɓangare biyun duk sun yanke cewa jan katin nan ado ne, aka shiga sara ba sani ba sabo. Dole in nuna akwai hukuma a filin. Allah ya kawo wani dogon yaro da ban taɓa gani a unguwa ba, ya ɗaga ƙafa zai tare ƙwallo a sama, idonsa na kan ƙwallon, yatsansa ya ɗan shafi haƙarƙarin wani. Na leƙa gindin maina, ba ruwan Alhaji. Na duba dangin matata, ba wanda ya motsa. Na zaro Vodafone da ƙarfin hali. Haka aka yi wa Nani a 2013, Manchester United da Real Madrid, Ferguson kocin United ya sauko daga kujera yana kumfar baki, kuma katin bai koma aljihu ba.

Fili ya rikice. Wani ya ce sai an duba VAR, ya miƙo waya mai fasasshen gilashi. Muka taru kanta mutum ya fi ashirin. Bidiyon ya nuna sararin sama, ya nuna wata tunkiya da ta tsallake yankan Sallah tana cin kwali, sai muryar mai ɗaukar yana cinikin rake. Na zana akwati a iska da yatsuna yadda ake yi a talabijin, na tabbatar da hukunci. Wani dattijo ya ce ko ɗanmu na Nima, Kudus, da aka kora a wasan West Ham da Tottenham a 2024 sai da ya ture fuskar mutum biyu, shi wannan me ya yi? Na ce Baba, Kudus ɗin ma rafali katin gargaɗi ya fara ba shi, VAR ta mayar ja, shekara ba ta zagayo ba Tottenham ɗin ta saye shi, saboda haka kada a kawo min lissafi cikin harkar ƙwallo.

An tashi ɗaya da ɗaya. Ban tsaya rabon lemo ba, na bi ta lungun bayan masallaci.

Da dare na zauna zan loda katina, waya ta ce an riga an yi amfani da shi. Daga tsakar gida ina jiyo ƙanin matata yana hira da budurwarsa, yana ce mata kada ta damu, yau shi ne zai kira.

Da safe na bi layin waakye, shinkafa da wake, wurin Hajiya, inda nake da littafin bashi. Wa zan gani a bayanta yana yanka ganda? Dogon yaron nan. Jikanta ne, ya zo hutun Sallah daga Kumasi. Na gaishe ta har ƙasa, ta amsa ba ta dube ni ba, ta zuba wa na bayana taliya da gari da ƙwai.

"Malam rafali, wanda aka ba jan kati wasa nawa yake zama a waje?"

Na ce uku, Hajiya.

"To, kwana uku kada in ga kwanonka."

Daga ƙarshen layi wani ya ɗaga murya: "Hajiya, Kudus fa biyar aka ba shi!"