Ranar da na zama makanike da ƙarfi da yaji

Wallahi duk abin da ya same ni rowa ce ta ja min. Na sayi wata 'yar tirela mai taya biyu wai don in riƙa ɗauko masara daga gonarmu ta hanyar Bichi, sai na shiga Ƙofar Ruwa na sayo ƙarfen jan tirela, wannan mai ƙwallo a kai. Makanikena ya faɗi kuɗin ɗaurawa, na ce haba Oga, noti huɗu ne fa, da kaina ma zan ɗaura. Bai ce komai ba, murmushi kawai ya yi.

Ranar Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin Golf ɗina, na ari sifana 17 da 19 wajen maƙwabci, na kunna bidiyon wani Bature a YouTube. Shi motarsa ko ƙura babu, notin ma da ya taɓa sai ya kwance kamar jiransa yake, ni kuwa nawa tsatsa ta cinye su, ina murɗawa garin tsatsa na zubo min a ido, gashi ban jira salansa ta huce ba ta lasar min gwiwar hannu. Daidai inda Baturen zai nuna ramukan da ake ɗaurawa a jikin shasi, data ta ƙare. Na laluba ban ga rami ba, sai na ce ai ƙarfe ƙarfe ne, na ɗaure abin a jikin ƙarfen bamba, na tamke shi tamau.

Uwargida ta leƙo ta ce "Baban Abba, anya kuwa?" Na ce ke dai kawo ruwa.

Washegari na loda buhu shida na kamo hanyar gida ina jin kaina. Muna hawa wani tudun rage gudu sai na ji ɓaram! daga nan kuma mota ta yi sakayau tana ta gudu, har ina cewa a raina ashe injin nan da sauransa. Can sai ga mai adaidaita ya biyo ni yana ta hon, ya ce "Alhaji, rabin motarka fa yana baya!"

Na juya. Ga tirela a tsakiyar titi, ga bamba maƙale da ita har da lambar motata, buhu ɗaya ya fashe, awaki sun riga sun fara walima, yara kuma an kewaye ana tafi.

Makanike ya karɓi ninki biyu, ban da kuɗin walda. Ya sa yatsa ya ɓalle wasu 'yan robobi a jikin shasi, sai ga ramukan nan, daidai inda na wuni kwance ina kallonsu. Yanzu a gidanmu ko kwan fitila ne ya mutu sai ka ji uwargida ta ce "Abba, kira mana Injiniya."