Ƙarfe a cikin biskit ɗin 'yata, kuma har yau kantin bai sauke sauran daga kanta ba

Yau kwana goma sha tara ke nan da 'yata mai shekara shida ta fashe da kuka tana tsakiyar cin biskit, ta tofo wani abu a tafin hannunta haɗe da jini, kuma har zuwa wannan lokaci da nake rubutu babu ko mutum ɗaya, daga waɗanda suka sarrafa biskit ɗin zuwa waɗanda suka sayar mini da shi, da ya ɗauki maganar da nauyin da ya kamace ta. Abin da ta tofo gutsuren ƙarfe ne siriri kamar waya, ya lanƙwashe a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma tsini ne. Na auna shi da rula, tsawonsa milimita 11. Ya yanke mata dasashi a kusa da turmin haƙori. Ragowar biskit ɗin da ke hannunta yana ɗauke da gurbin ƙarfen ƙarara, wato tare da ƙarfen aka gasa shi, kuma ni da hannuna na yage ledar a gabanta 'yan mintoci kafin faruwar abin.

Likitan da ya duba ta ya ce raunin bai yi zurfi ba, na kuma gode wa Allah a kan haka. Amma ya ƙara da cewa da ta haɗiye shi, ƙarfe mai tsini irin wannan yana iya maƙalewa a maƙogwaro ko ya huda hanji, kuma a nan sai dai tiyata. Daren nan ban runtsa ba.

Washegari na koma babban kantin da na sayi kayan, ɗauke da rasit, da ledar, da ragowar biskit ɗin, da ƙarfen a cikin ƙaramin mazubi mai murfi. Ban je da faɗa ba. Na je ne da zaton cewa da zarar sun ga abin da ke hannuna hankalinsu zai tashi fiye da nawa, tun da su ne ke sayar wa ɗaruruwan gidaje abinci a kowace rana. Ma'aikaciyar da ke teburin karɓar ƙorafi ta leƙa mazubin sau ɗaya, ta ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, tsautsayi ne. Ka ɗauki wani a kan kanta, ko kuma a mayar maka da kuɗinka." Tana faɗa tana miƙo hannu za ta karɓi ledar, ƙafarta kuma tana janyo kwandon shara daga ƙarƙashin tebur. Na janye hannuna na ce mata, "Malama, ba kuɗina na zo karɓa ba, rahoto na kawo, kuma ina so a rubuta shi." Sai ta ce ba su da fom na irin wannan.

Na nemi ganin manaja, na jira shi kusan minti arba'in a tsaye. Da ya fito, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Yallaɓai, ai ba mu muke yin sa ba, mu sayarwa kawai muke yi." Na biyu kuwa tambaya ce: ko na tabbata ba a gida abin ya faɗa ciki ba? Wannan tambaya ta ƙona mini rai fiye da yadda zan iya bayyanawa, domin bai tambayi lafiyar yarinyar ba, bai nemi ganin lambar da ke jikin ledar ba, bai ko buɗe mazubin ba, amma ya sami lokacin da zai nuna mini cewa mai yiwuwa ni maƙaryaci ne da ya ɗora ɗiyarsa a gaba don neman abin duniya. Na san akwai mutanen da ke ƙirƙirar irin wannan ƙorafi, kuma ban hana kowane kanti yin taka-tsantsan ba. Sai dai hanyar tantance mai gaskiya daga mai ƙarya ita ce a karɓi bayani a rubuce a bincika, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya ƙi yi.

Kafin in fita na nufi kantar da biskit ɗin yake. A jikin kowace leda akwai lambar zubi, wadda ke nuna ranar da aka yi kayan da layin injin da ya fitar da su, kuma ba don ado ake buga ta ba. Amfaninta shi ne idan matsala ta bayyana a leda ɗaya, a san 'yan'uwanta da aka yi tare, a bi sawunsu a tattaro su. Na duba ɗaya bayan ɗaya, na sami leda 14 masu lamba iri ɗaya da tawa. Na koma na roƙi manajan, roƙo na gaske, da ya sauke waɗannan 14 ɗin ya ajiye su a gefe har a gama bincike. Ya ce ba shi da hurumin sauke kaya sai an ba shi umarni daga babban ofis. Mutumin da ke da ikon sauke kaya idan wa'adinsu ya ƙare, ko idan leda ta fashe, shi ne yake gaya mini ba shi da ikon sauke kayan da aka sami ƙarfe a cikin ɗan'uwansu.

A nan ne nake ganin babban kuskuren yake, kuma kuskure ne da ya wuce kanti ɗaya. Sun ɗauki ƙorafin abinci tamkar ƙorafin wanda ya sayi riga ta yi masa kaɗan: a canza masa, a ba shi haƙuri, ya tafi. Alhali ƙarfe ba ya shiga ƙullin biskit haka kawai. Ko wayar rariyar da ake tace gari ce ta tsinke, ko bakin wuƙar inji ne ya ɓalle, ko wani ƙarfe ne ya cinye ya fara zubar da gutsattsari. Duk wanda ya taɓa ganin waya ta tsinke ya san ba kasafai take tsinkewa gida ɗaya ba. Saboda haka ne masana'antun abinci suke sanya maganaɗisu a hanyar gari, suke kuma sanya na'urar gano ƙarfe a ƙarshen layi, wadda kowace leda take bi ta cikinta, ana kuma gwada ta lokaci-lokaci da 'yan ƙwallayen ƙarfe don a tabbatar tana aiki. Wasu har na'urar ɗaukar hoto irin ta asibiti suke sanyawa, domin ita ce ke iya ganin gilashi da dutse da ƙashi. Idan ƙarfe mai milimita 11 ya tsallake duk waɗannan ya iso bakin yarinya, to mai yiwuwa na'urar ta lalace, ko an kashe ta, ko babu ita tun farko. Kowanne daga cikin ukun nan ya isa ya sa a dakatar da layi.

Wannan ba sabon ilimi ba ne da za a ce bai iso kunnen masu kanti da masu masana'anta ba. Tsarin da ake kira HACCP, wanda ke wajabta wa mai sarrafa abinci ya gano kowace gaɓa da haɗari zai iya shiga ya sa mata ido, ya samo asali ne tun shekarun 1960, lokacin da hukumar sararin samaniya ta Amurka take neman abincin da ba zai cutar da 'yan sama jannati ba. Hukumar Codex Alimentarius, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1963, ta shigar da shi cikin ƙa'idojinta na tsaftar abinci, kuma a cikinsa an ambaci haɗarin baƙin abubuwa irin ƙarfe da gilashi kafaɗa da kafaɗa da haɗarin ƙwayoyin cuta da na sinadarai. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma tana da ma'auni a rubuce: abu mai tauri ko kaifi da tsawonsa ya kama daga milimita 7 zuwa 25 a cikin abincin da ake ci kai tsaye, ana ɗaukar abincin a matsayin gurɓatacce, kuma ko wanda bai kai milimita 7 ba ana yi masa kallon haɗari idan jarirai ko tsofaffi ne za su ci. Abin da ya fito daga bakin 'yata yana tsakiyar wannan ma'auni, amma a teburin ƙorafi sunansa tsautsayi.

Daga kanti na koma kan kamfanin da sunansa ke jikin ledar. Na buga lambar wayar da suka rubuta sau biyar a cikin kwana biyu, ba a ɗauka ba. Na aika imel da hotuna, da lambar zubi, da ranar ƙarewar wa'adi, da hoton rasit, da takardar likita. Bayan kwana shida amsa ta zo, irin wadda kowa zai gane an riga an rubuta ta tun kafin a karanta saƙona: suna ba da muhimmanci ga inganci, suna baƙin cikin rashin gamsuwata, in aiko musu da abin ta gidan waya, za su kuma ba ni takardar sayen kaya kyauta. Rashin gamsuwa! Yarinya ta zubar da jini, an kira shi rashin gamsuwa. Na mayar musu da amsa cewa a shirye nake in ba da ƙarfen don a gwada shi a gano daga wane inji ya fito, amma hannu da hannu, ga wakilinsu ko ga jami'in hukuma, tare da takardar shaidar karɓa mai sa hannu. Shi ne kaɗai hujjar da nake da ita, kuma ba zan jefa shi cikin ambulan in zauna ina jiran a ce mini ya ɓace a hanya ba. Takardar kyautar kuwa na ce su riƙe abinsu, domin a idona toshiyar baki ce. Tun daga ranar ban sake ji daga gare su ba.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne na san ana iya yin abin da ya dace. A farkon 2016 wani mai saye a Jamus ya sami gutsuren jar roba a cikin cakulan Snickers, ya kai ƙorafi, aka bi sawun kayan har masana'antar da ke garin Veghel a ƙasar Holan, kamfanin Mars mai yin cakulan ɗin kuma ya janye kayansa daga ƙasashe 55. Ƙorafin mutum ɗaya ne, a kan roba, amma aka saurare shi. Ban ce a janye kaya daga ƙasashe 55 saboda ni ba. Leda 14 na roƙa a sauke daga kanta ɗaya.

Maganar "ba mu muke yin sa ba" kuma, da maganar kamfanin da ke ganin ba shi da wata alaƙa da ni tun da ba a hannunsa na saya ba, tsohuwar dabara ce da shari'a ta daɗe da rushewa. A 1928, a garin Paisley na Sikotland, wata mata mai suna May Donoghue ta sha lemon citta da aka saya mata a wani shago, ta ce ta ga ruɓaɓɓen dodon-koɗi ya fito daga kwalbar, wadda ba a ganin cikinta. Ba ita ta biya kuɗin ba, don haka aka ce ba ta da ciniki da kowa balle ta kai ƙara. Ta dage har zuwa kotu mafi girma a Birtaniya a wancan zamani, inda a 1932 aka yanke cewa wanda ya sarrafa abu ya rufe shi ya aika kasuwa yana da alhakin kula da lafiyar duk wanda abin zai isa hannunsa. Alƙali Atkin ya gina hukuncin ne a kan haƙƙin maƙwabci, yana mai bayyana cewa maƙwabcinka a shari'a shi ne wanda aikinka zai shafa kai tsaye, har ya wajaba ka tuna da shi lokacin da kake aikin. Fiye da shekara casa'in bayan wannan hukunci, ina tsaye a gaban tebur ana tura ni daga mai sayarwa zuwa mai sarrafawa, kowa yana kakkaɓe rigarsa. Mai kanti da ya karɓi kuɗina ya ɗora kayan a kantarsa yana da nasa kason na alhaki, kuma mafi ƙanƙantarsa shi ne ya rubuta rahoto, ya keɓe kayan, ya sanar da wanda ya kawo masa su a ranar.

A kwana na tara na kai rahoto ga hukumar da ke kula da lafiyar abinci. A nan aƙalla an karɓi takardata, an ba ni lambar shaida, jami'in kuma ya yaba da cewa ban wanke ƙarfen ba, ban jefar da ledar ba, na kuma rubuta rana da lokacin kowace magana da na yi da kantin. Ya ce mini yawancin masu zuwa wurinsu sun riga sun miƙa hujjarsu ga kanti sun karɓi canji, sai daga baya su zo hannu rabbana. Da na bi son ma'aikaciyar nan a ranar farko, da ni ma haka zan zo. Sai dai kwana goma ke nan da samun lambar, kuma duk lokacin da na tuntuɓa, amsar ita ce ana kan aiki. Ina girmama aikinsu, na kuma san ƙorafi ya yi musu yawa, amma abincin da ke kan kanta ba ya jiran takarda ta gama zagaya ofisoshi.

Abin da nake nema bai canza ba tun ranar farko: a sauke wannan zubi daga kasuwa har a gano asalin ƙarfen, a sanar da waɗanda suka riga suka saya, a kuma ba ni bayani a rubuce a kan abin da ya faru a masana'antar da gyaran da aka yi. 'Yata ta warke, sai dai har yanzu duk abin da aka ba ta sai ta farfasa shi da yatsu ta duba kafin ta kai baki, kuma ba ni da bakin da zan ce mata ta daina.

Jiya da yamma na sake komawa kantin, na wuce teburin ƙorafi ban tsaya ba, na je kantar na sake duba lambobin ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin leda 14 da na ƙirga a ranar farko, saura biyar. Na tambayi yaron da ke jera kaya ko an sauke sauran ne, ya ce a'a, an sayar da su.