Saka Rigar Jami'a Ba Shahara Ba Ce

Don Allah a bar mu mu huta da maganar shafin yaron nan da aka goge a Wikipedia. Tun shekaranjiya ake kirana a sharhi, wai in sa baki tunda ina ɗan taɓa rubutu a can, wai an zalunci ɗanmu, wai Turawa sun ga baƙar fata zai ɗaga shi ne suka taru suka danne shi. To ga bakina na sa: waɗanda suka goge shafin sun yi daidai. Da ina cikin tattaunawar, ni ma gogewa zan ce.

Kun karanta muƙalar kuwa, ko ihun kawai kuka ji kuka kama? Sunansa, garin haihuwarsa, tsayinsa, lambar rigarsa, sai cewa yana buga ƙwallon kwando a wata jami'a a Amurka. Shi ke nan fa. Madogarar kuma abin dariya: shafin jami'ar, sannan wani shafin na jami'ar dai, sai Instagram ɗin yaron. Wannan ne tarihin da aka binne, har wani yana rubuta innalillahi.

Shafin makaranta ba shaida ba ne, jama'a. Jami'o'in can suna da ofishin yaɗa labaran wasanni, kuma albashi ake biyan mutanen ofishin don su ɗauki hoton kowane yaro da rigar ƙungiya su rubuta masa 'yan layuka masu daɗi, har wanda bai taɓa tashi daga benci ba. Idan za ka yi binciken aure, uwar yaro kake tambaya halin ɗanta? Maƙwabta kake nema, da waɗanda ba su da abin ci a ciki. Abin da Wikipedia take tambaya ke nan ba wani abu ba: wane ne daga waje, wanda ba makarantarsa ba, ba danginsa ba, ba wakilinsa ba, ya zauna ya yi rubutu mai tsawo a kan shi kansa? Ba a tsinci sunansa a jerin waɗanda suka ci maki huɗu ranar Asabar ba. A kansa.

Ku duba yawan mutanen da ake magana. Hukumar NCAA da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka tana da ɗalibai 'yan wasa sama da dubu 500 a rukunai uku, kuma ita da kanta take cewa waɗanda ke kaiwa ga zama ƙwararru ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Kowace shekara wasu su gama, sababbi su shigo. Duk a buɗe musu shafi? Wa zai riƙa dubawa? Ku da ko waƙafi ba ku taɓa gyarawa a can ba?

Ƙa'idar ma a rubuce take, ba don ɗanmu aka ƙirƙiro ta ba. Ɗan wasan jami'a yana samun nasa shafin idan ya ci babbar kyauta ta ƙasa irin su Heisman, wadda ake bai wa gwarzon ƙwallon ƙafa irin na Amurka a jami'o'i, ko ya kafa babban tarihi a rukuni na ɗaya, ko kafafen labarai na ƙasa sun yi ta magana a kansa shi kaɗai, ba don yana cikin ƙungiya mai suna ba. A 2022 editocin sashen Turanci sun ƙara ɗaure igiyar, ta yadda ko ƙwararre ne kai, buga wasa ɗaya a babbar gasa ya daina isarka, sai an kawo majiyar da ta yi bayani mai zurfi a kanka. 'Yan ƙwallo Turawa da yawa sun rasa shafukansu a dalilin haka. Su wa ya yi wa hassada?

Masu cewa wariyar launin fata, sannunku. Hakeem Olajuwon ɗan Legas ne, yana ɗalibi a Jami'ar Houston aka zaɓe shi gwarzon zagayen ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta NCAA ta 1983 duk da ƙungiyarsa ta sha kashi a wasan ƙarshe. Tobi Amusan ta ci kambun NCAA na tseren tsallake shinge na mita 100 a 2017 tana karatu a Jami'ar Texas da ke El Paso. Divine Oduduru ya ci kambun NCAA na tseren mita 100 da mita 200 a 2019, ya gudu daƙiƙa 9.86. Baƙaƙe ne, namu ne, shafukansu na nan daram. Bambancinsu da yaronku shi ne su sun yi abin da ya sa baƙo ya ɗauki alƙalami.

Wani malami ya kawo min labarin masaniyar kimiyya Donna Strickland, wadda aka ƙi karɓar daftarin shafinta a 2018 sai ga shi ta ci kyautar Nobel a shekarar. Gaskiya ne, Malam, editoci suna kuskure. Ka kawo mana Nobel ɗin yaron, gobe da safe ni zan rubuta. Masu cewa jaridu ba sa damuwa da 'yan Afirka kuma, wannan kukan yana da gaskiya a wurinsa, amma yaron nan a Amurka yake wasa, ƙasar da jaridar ƙaramin gari take buga labarin wasan 'yan sakandare. Idan a can ma ba a samu wanda ya rubuta shi ba, to lokacinsa ne bai yi ba tukuna.

Kuma wallahi ba ku yi masa gata ba. Shafin da kowa zai iya shiga ya sauya, babu mai gadinsa, a kan yaro ɗan shekara ashirin. Gobe gwiwa ta samu matsala ya bar wasa ya koma neman aikin ofis, duk wanda ya nemi sunansa a Google abin da zai fara gani shi ne ya buga wasanni kaɗan ya ɓace. Ko wani ɗan adawa ya shiga da dare ya ƙara masa sharri, a yi watanni ba wanda ya lura. Yaron ya yi ƙoƙari, samun gurbin karatu da ƙwallo ba ƙaramin abu ba ne, Allah ya ɗaukaka shi ya sa iyayensa su ci moriyarsa. A bar shi ya yi wasansa.

Ni abin da ya fi ci min rai ma daban ne. Nijar tana gasar takobin kokawa tun 1975, duk ƙasa tsayawa take cak idan ana yi, amma je ka nemi cikakken tarihin 'yan kokawar a rubuce da Hausa ka ga wahala. Dambe ya fi muni. Kullum ana cika a dandalin Ado Bayero a Kano, Kudu da Arewa da Guramada, masu waya sun zagaye fili suna ɗauka, sai ka buɗe YouTube ka ga an rubuta "Bahagon wane ya kashe Shagon wane" da alamar wuta guda biyar. Babu rana, babu wata, babu shekara, babu sunan gari, sunan yanka na ɗan damben ma babu. Ku masu ɗaukar nan, kuɗin data nawa rubuta kwanan wata zai ci muku?