"In Nufinka Ne" Ba Maganar Masu Shakka Ba Ce

Salama gare ku, 'yan'uwa. Akwai wata koyarwa da ta yi yawa a majami'unmu, daga Sabon Tasha har Gonin Gora a nan Kaduna, ni kuwa ba ta kwanta mini a rai ba. Ana cewa in kana addu'a kada ka kuskura ka ce "in nufinka ne, ya Ubangiji," wai wannan bakin masu ƙarancin bangaskiya ne. Ka umarta kawai, ka furta, ka karɓa. In ba ka samu ba, to laifin daga gare ka yake.

To wa ya fi Yesu bangaskiya? A Gatsemani ya roƙi Uba ya ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya roƙa da gaske har guminsa na ɗiga kamar jini, sannan ya ce ba nufinsa ba, sai na Uba. Ku buɗe Luka 22:42 ku gani. Ba a ɗauke ƙoƙon ba. Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi.

Mu da muke Kaduna ya kamata mu fi kowa tsoron wannan koyarwa. A watan Janairun 2020 'yan bindiga sun shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau, kan hanyar Abuja, suka kwashe ɗalibai huɗu. An yi azumi, an kwana ana addu'a. Uku suka dawo gida, aka kashe Michael Nnadi, yaro ɗan shekara 18. Wa yake da ƙarfin halin da zai dubi danginsa ya ce addu'arsu ce ba ta kai ba? Irin haka ya faru a Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, mala'ika kuma ya fito da Bitrus daga kurkuku. Ikkilisiya ɗaya, sarki ɗaya. Abin dariya ma, da Bitrus ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa, masu yi masa addu'a ne suka ce wa Roda, baranyar da ta kawo musu labari, ta haukace. Ashe ba ƙarfin bangaskiyarsu ne ya buɗe kurkukun ba.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Ban ce mu naɗe hannu ba. Wanda ya bar yaro da zazzaɓi a ɗaki bai kai shi asibiti ba, yana cewa nufin Allah ne, sakaci ya yi, kada ya ɗora wa Allah. Roƙa lafiya, roƙa aiki, roƙa haihuwa, ka kira abin da sunansa, ka nace.

Abin da ya fi damuna shi ne muna wahalar neman nufin da ke ɓoye, alhali wanda aka rubuta ƙarara mun tsallake shi. Mutum zai yi azumin kwanaki yana so Allah ya nuna masa filin da zai saya, ga yarinyar da ke masa aikin gida tana binsa albashin watanni. Yakubu 5:4 ta ce hakkin ma'aikacin da aka danne yana kuka, kukan kuma yana kaiwa kunnen Ubangiji. Wannan ba ya buƙatar mafarki ko annabi.

Sai kuma addu'ar wuta. Je kwanan addu'a ka ji yadda ake ta da murya a kan maƙiya, su mutu, su ƙone. Na san zafin da ke kawo hakan. Tun rikicin shekarar 2000 kogi ya raba garin nan biyu, akwai gidajen da har yau ba su warke ba. Amma da Yakubu da Yohanna suka so kiran wuta a kan ƙauyen Samariyawa, tsawata musu Yesu ya yi. A Matiyu 5:44 kuma cewa ya yi mu yi wa masu tsananta mana addu'a. Da wuya, wallahi da wuya. Fastocinmu da iyayenmu na Zumuntar Mata, yaushe rabon da a sujadar Lahadi mu ambaci Tudun Wada da Rigasa, unguwannin da Musulmi suka fi yawa, da suna, mu roƙa musu zaman lafiya da abinci mai araha kamar yadda muke roƙa wa Narayi?